Yadda Na Koya Wa Matata Numfashi

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta, matan unguwarmu Gumbihini ba za su bar ni ba. Abin ya faru ne a shekarar da iskar farkon damina ta kwashe rufin masallacin unguwarmu ta ajiye shi a gonar wani bawan Allah. A shekarar ne na cika arba'in da bakwai, a cikinta kuma na fara riƙe fensir da hannuna. Wata shida ke nan da shigata ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa manya da yamma. Na iya rubuta sunana, na iya karanta allon shaguna idan na tsayar da babur na nutsu. Ka san mai sabon ilimi kamar mai sabon takalmi ne, ko'ina sai ya taka da ƙarfi don a ji.

Sana'ata faci ce da gyaran keke a bakin hanyar Gumani. Duk wanda ka tambaya a wurin zai ce maka ni mutum ne mai haƙuri. Mai keke zai dawo sau uku da taya ɗaya yana faɗa, in ce masa ba komai, in sake liƙewa. Ni kaina har na yarda cewa haƙuri ba ya cutar da kowa. A wannan shekarar na gano yana iya hawar wa mutum jini.

Matata Maimuna (ni Maman Sadiya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Baban Sadiya) tana da cikin wata bakwai a lokacin. Sadiya, 'yarmu tilo, ta riga ta kai shekara goma sha ɗaya. A tsakani ciki biyu sun zo sun tafi, na ƙarshen a kan gadon babban asibiti, yana wata shida. Tun daga ranar, ko hanyar asibitin Maimuna ba ta son bi. Idan yalo-yalon da muka hau, wato keken haya mai ƙafa uku, ya doshi wajen, sai ta kau da kai har mu wuce.

Wata Alhamis ta dawo daga awo a ƙaramin asibitin unguwa, ta zauna a bakin gado ko mayafi ba ta cire ba.

"Jinina ya hau," in ji ta. "Anti Nas ta ba ni mako biyu. In na koma bai sauka ba, za ta rubuta mini takarda zuwa babban asibiti, a kwantar da ni har in haihu." Sannan ta ce, "Gadon nan, Baban Sadiya. Ni ba zan koma gadon nan ba."

An ba ta ƙwayoyi, an ce ta rage gishiri, ta rage tsayuwa a kan tukunyar kokon da take sayarwa da safe, ta daina yawan tunani. An kuma haɗa mata da wata takarda mai hoton mace a zaune ta dafa ciki, da rubutun Turanci a ƙasa. Ta ce an nuna musu yadda za su riƙa numfashi don hankali ya kwanta, amma ranar kanta ya ɗauki zafi, ba ta riƙe komai ba. Ta miƙo mini takardar. A duk zamanmu, ranar ce ta farko da ta miƙo mini takarda maimakon ta kai wa maƙwabta. Na karɓa da hannu biyu. Na rantse a raina, in dai ilimi na maganin hawan jini, to jinin nan ya gama hawa.

Da yamma na kai wa Ticha Yakubu, malamin ajinmu, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya amma sandarsa ba ta yi ba. Ya fassara mini a kan allo, na kwafe a littafina harafi bayan harafi: A zauna a saki jiki. A ja iska ta hanci a ƙirga huɗu. A sake ta ta baki a ƙirga shida. A maimaita sau goma. Layi huɗu kacal, amma sai da na ci rabin awa, na goge takarda har ta huje.

To a nan ne kuskuren ya fara. Ni a duniya hanyar koyarwa ɗaya na sani, ita ce ta Ticha Yakubu. Shi kuwa ba ya fara darasi sai ya kira suna. Yana nuna allo da sanda, aji na amsawa da ƙarfi, in an gama ya ce, "Ban ji ba! Kuma!" Wanda ya yi daidai ya sami maki da jan biro, wanda ya kuskure ya sami gicciye. Da wannan hanya ya fitar da ni daga duhu, saboda haka ban ga dalilin da zai hana ta fitar da Maimuna daga hawan jini ba.

Na roƙi alli na rubuta ɗaya zuwa huɗu da ɗaya zuwa shida a bayan ƙofar ɗakinmu. Na zaro waya guda daga tsohuwar ƙafar keke ta zama sandata. Na sayi jan biro. Na ja layuka a littafi, na yanka darasi sau huɗu a rana: bayan asuba, bayan azahar, bayan la'asar, bayan magariba. Na azahar da na la'asar sai na rufe rumfa in hau babur in taho gida musamman.

"Maimuna Abdullahi!" in ji ni a ranar farko, ina tsaye da littafi.

Ta dube ni. "Da wa kake?"

"Kiran suna ne. Ki ce, ga ni."

"Mu biyu ne a ɗakin nan, Baban Sadiya."

"Ba komai. Ki ce, ga ni."

Ta ce ga ni. Na dangwala maki. Na nuna ƙofa da sanda na fara: "Ɗaya! Biyu! Uku! Huɗu! Saki! Ɗaya! Biyu!" Idan ta saki iskar a kan biyar maimakon shida, sai in girgiza kai cikin tausayi in ce, "Ba komai, a sake daga farko." Idan ta yi tari, ba komai, a sake. Idan yaron ciki ya harbe ta ta ce wash, ba komai, a sake. Ban taɓa yi mata tsawa ba ko sau ɗaya, Allah ne shaida. Darasin da takarda ta ce numfashi goma ne, mu mukan kai arba'in kafin a sami goma masu tsabta. (Daga baya ta faɗa mini da na zage ta ma da ya fi mata sauƙi, don da ta rama ta huce.)

Gidan haya muke, ɗaki takwas tsakar gida ɗaya, saboda haka babu wanda bai ji ƙirgata ba. Mma Azara, tsohuwa 'yar Dagomba mai gidan, ta sa mini suna Afa, wato malam a bakinsu. Duk sanda na fito sai ta ɗago daga tsintar shinkafarta ta ce, "Afa, yau ɗalibar ta ci jarrabawa, ko za ta maimaita aji?" Ni kuma in amsa da gaske, in ce tana ƙoƙari, sai dai fitar da iskar ce har yanzu da saura. Wata rana tsohuwar ta ce, "Ni na haifi tara, ba wanda ya ƙirga mini." Na ce mata a raina, ai shi ya sa ake yaƙi da jahilci.

Akwai alamu, ban gani ba. Na ga in na shigo da azahar nakan tarar ta shiga wanka, wankan da ba ya ƙarewa. Na ga ta fara zuwa gaishe da marasa lafiyar da ban san ta san su ba, kuma kullum da la'asar. Sau uku ta tsere mini gaba ɗaya, na rubuta "ba ta zo ba" da jan biro, raina a ɓace amma fuskata a sake.

Ranar komawa awo ta zo. Na ɗauki azumin Alhamis don Allah Ya dube mu, na sa farar riga da sabuwar hula, na soka jan biro a aljihun gaba inda kowa zai gani. A asibitin akwai wata al'ada: macen da mijinta ya rako ba ta bin layi, ita ake fara gani, wai don a jawo maza su riƙa zuwa. Mun isa mun tarar da mata sun fi hamsin a kan bencina ƙarƙashin rumfar kwano, kowace da katinta da tulun cikinta, kuma babu namiji ko ɗaya sai ni. Muka ratsa su muka wuce gaba.

"Iye! Masu miji manya!" in ji wata.

"Baba, in kun gama ka dawo ka aure ni na minti goma, tun asuba nake nan," in ji wata daga baya. Aka kwashe da dariya. Na yi murmushi irin na manyan mutane.

Anti Nas mace ce gajera mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta ɗaura wa Maimuna abin awon jini a dantse, ta matsa, ta duba. Ta kwance ta sake ɗaurawa. Na ga bakinta ya tsuke.

"Ya fi na wancan karon," in ji ta. "Kina shan maganin?"

"Ina sha."

"Gishiri fa?"

"Na rage."

"Numfashin da na nuna muku, kina yi?"

Nan na ga ƙofa ta buɗe mini. Na zaro littafi na ajiye a kan tebur, na buɗe shafin da kaina. "Madam, darasi hamsin da shida aka tsara, ta halarci hamsin da uku. Ga maki, ga gicciye. Ni na koyar."

Ta gyara tabarau ta bi shafin da ido. Gicciye ya fi maki yawa nesa ba kusa ba. Ta dubi Maimuna ta ce, "'Yar'uwa, faɗa mini gaskiya, me ke damun ki a gida?"

Maimuna ba ta ko kalle ni ba, ta nuna ni da haɓa. "Ga shi nan a zaune. Anti, shekara talatin da tara ina numfashi ba wanda ya taɓa ce mini ban iya ba. Yanzu ko ni kaɗai ce a ɗaki, in na ja iska sai in ji kamar za a ce a sake. Da na ji ƙarar babur ɗinsa a bakin lungu, ƙirjina sai ya hau dukan tara-tara. Jiya a bayan gida na ɓuya har ƙafata ta yi sanyi, na fito na tarar da shi a tsaye da sanda yana jira na, wai ba komai." Ta dafa cikinta. "Kuma yanzu saboda shi za ki tura ni gadon can."

Ƙofar ɗakin labule ne kawai. Shirun da na ji daga rumfa ya tabbatar mini ba mu uku kaɗai muka ji ba.

Anti Nas ta ce Maimuna ta zauna ta huta rabin awa a sake gwadawa. In bai sauka ba, yau za a rubuta takardar, babu jira. Sannan ta juyo gare ni da wata fara'a da ya kamata in yi zargi. "Malam, tunda kai gwani ne, zo ka nuna wa matan nan yadda ake yi. Dama lokacin jawabin safe ya yi."

Mai hankali zai ce a yi masa afuwa. Ni kuwa sai na ga dama ce ta wanke kaina. Na ce bari matan nan da Anti Nas su gani da idonsu cewa koyarwar ba ta da laifi, ɗalibar ce mai gardama.

Na tsaya a gaban rumfa, rana ta fara dukan kwano. Anti Nas ta tafa hannu ta ce yau an sami baƙon malami. Na gyara murya na karanta layukan nan huɗu daga littafi ba tare da na yi tuntuɓe ba (wannan kam har gobe ina alfahari da shi). Na ɗaga biro zan fara ƙirga musu, sai ta ce, "A'a, Malam. Kai za ka yi, su za su ƙirga."

A nan ne wani abu ya faɗo mini a rai wanda bai taɓa faɗo mini ba. Mako biyu ina koyar da numfashin nan, ban taɓa yin sa da ƙirjina ba ko sau ɗaya. Ni dai ƙirga ce tawa. Amma na ce wa kaina, haba, mutumin da ya shekara ashirin yana ba tayoyi iska, shi za a koya wa iska? Ai ƙa'idar famfo ɗaya ce: ka ja har ƙarshe, ka danna har ƙarshe, kada ka tsaya.

Layin farko ya ce a zauna. Ban zauna ba, don Ticha Yakubu ba ya zama. Na buɗe ƙafafu, na ja iska har maɓallin rigata ya yi ƙara, na fesar da ita kamar taya ta fashe.

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu!" in ji mata hamsin. Wata ta fara tafi, sauran suka ɗauka. Ka san tafin mata ba ya tafiya a hankali. Ƙirga ta koma waƙa, waƙa ta ƙara sauri, ni kuma ina biye da ita, fuu, haa, fuu, haa, kafaɗuna na hawa da sauka. Da na cika goma na tsaya, sai wata mai jan mayafi a layin gaba, wadda na tabbata ta ji komai ta labule, ta ce, "Ba komai, Baba, a sake daga farko!"

Rumfa ta ɗauka: "A sake! A sake!"

Na sake. Wajen na ashirin na ji yatsuna kamar tururuwa na bin su. Leɓɓana suka yi nauyi. Na ga matan sun zama ɗari, rumfar ta karkata gefe guda. Ga azumi, ga zafin kwano, ga taurin kai. Na tuna na ce a raina, saura uku in gama da mutuncina. Abin da na sani na ƙarshe shi ne sikelin da ake auna masu ciki yana tahowa wajen fuskata.

Na farfaɗo a kwance a kan gadon da ake duba masu ciki, an ɗaga ƙafafuna a kan matashi biyu, rigata a jiƙe, bakina da ɗanɗanon jini da na sukari. Abin awon jini na ɗaure a dantsena. Mai jan mayafin nan tana yi mini fifita da littafina, kawuna kuma sun cika bakin labule. Da na tuna abin da ya faru sai numfashina ya sake rikicewa, na fara haki, ina neman tashi in gudu.

Sai na ji an riƙe hannuna. Maimuna ce a kan kujera a gefen gadon, idanunta sun yi ja, na kasa gane na kuka ne ko na dariya.

"Kwanta, Baban Sadiya," in ji ta a hankali. "Kada ka ƙirga komai. Dube ni kawai. Ja ta hanci, kaɗan, ba famfo ba ne. Yauwa. Yanzu sake ta sannu, kamar kana hura wa jariri koko."

Ta ja, na ja. Ta saki, na saki. Ta ɗora hannuna a kan cikinta don in ji yadda yake tashi yana sauka. Muka yi ta yi. Can sai ta dubi bakina ta tuntsire da dariya har da hawaye, ta share, ta ce yi haƙuri, muka ci gaba. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai ji ƙirjina ya saki, yatsuna sun dawo nawa, kuma na ga kafaɗunta da suka yi mako biyu a ɗage sun sauko.

Sai ga Anti Nas. Ta zo ta kwance abin awon daga dantsena ta ɗaura a na Maimuna, ta matsa, ta duba. Ta jira kaɗan ta sake. Ni da Maimuna muka zuba wa bakinta ido.

"Ya sauka," in ji ta. "Bai kai inda nake so ba, amma ya sauka. Yau babu takarda. Ki ci gaba da shan magani, ki dawo bayan mako ɗaya, in kin ji ciwon kai ko jiri kada ki jira, ki taho. Numfashin kuma ki riƙa yi ke kaɗai, lokacin da kika ga dama." Ta juyo ta kalle ni ta saman tabarau. "An rufe makaranta, Malam."

Maimuna ta rufe fuska da mayafi ta ce alhamdu lillahi ya fi sau goma.

An hana ni tuƙa babur ranar. Sai a yalo-yalo muka koma, kuma kafin mu kai bakin titi dole muka sake ratsa rumfar nan, mai cikin wata bakwai tana riƙe da hannun mijinta kada ya faɗi. Matan suka buɗe mana hanya cikin ladabi. Har na fara zaton an tausaya mini, sai murya ta tashi daga baya: "Sannu Baba! Allah Ya sauke ka lafiya!" Mata hamsin suka amsa da amin.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Mma Azara ta aiko mini da kunun kanwa, irin wanda ake dama wa mai jego, ta ce in sha da zafinsa.

Maimuna ba ta kwanta a gadon da take tsoro ba. Ta yi ta zuwa awo kowane mako, ita kaɗai, ta gwammace ta bi layi. Da lokaci ya yi ta haifi 'ya mace lafiya, kuma ungozoma ta ce ba ta taɓa ganin mai naƙuda da ta iya numfashi kamarta ba. Na buɗe baki zan ce wani abu, Maimuna ta kalle ni, na rufe.

Abin da na koya shi ne, abin da ba ka taɓa gwadawa a ƙirjinka ba, kada ka tsaya a kan wani da sanda a kansa. In kuma an ce mutum yana bukatar hutu, ka fara dubawa ko kai ne gajiyar.

Asarar ranar kuwa ga ta: rabin haƙorin gaba ɗaya, ya tafi a bakin sikeli. Azumi ɗaya, ya tafi da ruwan sukari. Maɓalli biyu. Hula ɗaya, wadda har yau ba a ce ga inda ta faɗa ba. Sai sunana na yanka, don daga Gumbihini har Dungu, duk macen da ta tsaya shan iskar taya a rumfata da yaro a baya, Baba A-Sake take ce mini.